Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shirya Mana Shirin Lambu a Talabijin

Zuwa ga furodusoshi, daraktoci da masu gabatarwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da shuke-shukenku.

Ni mai kallonku ne, ina kuma cikin waɗanda idan shiri ya ƙare ba sa barin maganarsa nan take, sai sun yi ta ja-in-ja da sauran masu lambu a kan abin da aka nuna. Na san ƙorafinmu yana isa gare ku, na kuma san yadda yake cin karo da juna har ku rasa wanda za ku kama. Wannan ya ce mai gabatarwa ya cika surutu, wancan ya ce ba ya bayani. Wadda ta shekara talatin tana lambu ta ce ta gaji da a riƙa koya mata yadda ake zuba iri a kasko, wanda bana ya fara riƙe fartanya ya ce ana jero masa sunayen Latin ba a tsayawa ya rubuta ko ɗaya. Akwai mai son a fitar da kare daga shirin, akwai wanda don karen yake kunna talabijin. Idan kuka ce ba a iya mana, ba ku yi ƙarya ba. Sai dai ni a ganina akwai buƙata guda da ke kwance a ƙarƙashin hayaniyar nan, wadda sabon shiga da tsohon hannu duk suka yi tarayya a kanta: ku riƙa komawa kan abin da kuka shuka.

Ga yadda abin yake faruwa. Lokacin dashe ya zo, za a nuna mana mai gabatarwa ya durƙusa a bakin komi, ya dasa tumatir ko wani fure, ya danna ƙasa da tafin hannu, ya ba shi ruwa, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa ya ce nan da 'yan makonni za mu sha mamaki. Daga nan shi ke nan. Mako ya zagayo an koma wani lungu na lambun, ko an tafi yawon buɗe ido a gidan wani mai hali. Mu da muka bi umarninsa a ranar, bayan mako uku ganyen namu ya fara rawaya daga ƙasa, ko mu wayi gari mu tarar ƙananan tsiro sun kwanta, karansu ya sirance ya yi baƙi daidai inda ya taɓa ƙasa. A lokacin muke neman malami, a lokacin kuma malamin ya yi gaba. Dasawa aikin minti biyar ce, kowa zai iya. Wahalar lambu tana cikin kwanakin da ke biyo baya: yaushe za a rage ban-ruwa, wane ganye ne rawayarsa ta yunwa ce, wanne ne ta yawan ruwa, wace tsutsa ce za a bari, wacce ce idan aka kwana biyu ba a tsince ta ba za ta bar komin kwalam. Waɗannan kwanakin ne ba ma gani a allo.

Na fahimci dalili. Matacciyar shuka ba ta da kyau a hoto, kuma jadawalin ɗauka ba ya jiran tsiro. Amma tarihin sana'arku da kansa ya nuna abin da masu kallo ke riƙewa a rai. Ku dubi Gardeners' World na BBC, wanda aka fara a 1968 kuma har yau ana yi. Geoff Hamilton ya jagorance shi daga 1979 har rasuwarsa a 1996, kuma har gobe idan tsofaffin masu kallo na Ingila za su kushe wani mai gabatarwa, da shi suke auna shi. Me ya yi? A lambunsa na Barnsdale ake ɗaukar shirin. Da kayan aiki yake fitowa, hannu duk ƙasa. Abin da wani zai ce je ka saya, shi sai ya ɗauko guntayen katako da ƙusa ya harhaɗa a gabanka. Idan gwaji ya ƙi, sai ya ce ya ƙi. Mutane sun yarda da nasihar mutumin ne saboda sun ga inda ta kai shi, mai daɗi da marar daɗi.

Abin da ya faru daga baya ya fi wannan bayani. Monty Don ya karɓi shirin a 2003, ya sauka a 2008 saboda rashin lafiya, aka kawo Toby Buckland, ƙwararre wanda ya yi karatun aikin. A 2009 aka mayar da shirin wani tsohon filin wasa a Birmingham da aka sa wa suna Greenacre, aka cika shi da gajerun sassa da barkwanci don jawo matasa. Masu kallo suka yi ta guna-guni, da yawa suka daina kallo. A 2011 aka dawo da Monty Don, aka kuma koma ɗaukar shirin a gidansa, Longmeadow, a yankin Herefordshire. Ba na ganin laifin Buckland a nan, an ɗora shi ne a kan filin da ba na kowa ba. Shi kuwa Monty Don bai yi makarantar lambu ba ko ta kwana ɗaya, adabin Ingilishi ya karanta, sana'ar kayan ado ya yi kafin ta rushe, kuma akwai masu takardar shaida da har yanzu abin yake musu ciwo. Amma lambun nasa ne. Idan ambaliya ta cinye gefensa, muna gani. Da cutar fumfuna ta kama shingayen da ya shekara da shekaru yana aske su yana gyarawa, a gaban kyamara ya tumɓuke su. Wanda ya ga wannan, idan mutumin ya ce masa yi kaza, zai yi.

Kada ku ɗauka ina cewa ku nemo mana mai babban gida kawai. Masu sukar Longmeadow suna da hujja: kusan eka biyu ne, da masu taimako, da ɗakunan gilashi na renon shuka, alhali yawancin masu kallo abin da suke da shi bai wuce baranda da bokitai huɗu ba, wasu ma bakin taga ne. Idan aka ce wa irin wannan mutum ya kai shukarsa ɗakin gilashi kafin sanyi ya shigo, an yi masa magana ne da yaren da ba ya ji. Shi ya sa abin da kullen korona ya tilasta a 2020 ya zama alheri. Da ma'aikata suka kasa fita ɗauka, sai aka nemi masu kallo su turo bidiyon lambunansu da waya, aka riƙa sakawa cikin shirin, kuma bayan kullen aka ci gaba. Wasu suna cewa hotunan suna rawa, murya ba ta fita, an mayar da shiri dandalin 'yan koyo. Ni ina tare da masu so. A nan ne kaɗai nake ganin shuka a cikin tsohuwar taya, da tiyo mai yoyo, da bangon maƙwabci da ya tare rana. Abin da ya rage shi ne a koma wa waɗannan mutanen ma. Yarinyar da ta nuna mana wakenta yana hawa igiya, ya yi 'ya'ya kuwa?

Maganar kare kuwa, ku bar shi. Da Nigel, karen Monty Don, ya mutu a watan Mayun 2020, sai da jaridun Birtaniya suka ɗauki labarin, kuma mutanen da ba su taɓa shuka ko albasa ba suka yi jimami. Wannan ya nuna akwai masu kallonku da hutun zuciya suke nema bayan gajiyar mako, kuma haƙƙinsu ne. Kare yana bin baro a baya ba ya hana kowa koyo. Abin da ke hana koyo shi ne a ba shi daƙiƙoƙin da ya kamata a ba hannun mai aiki.

A nan nake so na tsaya da masu ɗaukar hoto da masu tace shiri, don a hannunsu rabin matsalar take. Ku ɗauki misalin yankan reshe don a dasa. Aikin duka a yatsu yake. Ana zaɓar reshen da bai yi fure ba, a yanka da wuƙa mai kaifi dab da ƙarƙashin gaɓa, inda ganye ke fitowa, saboda a nan saiwa ta fi saurin tsirowa. A tsige ganyen ƙasa, a bar biyu ko uku a sama, idan faffaɗa ne a rage rabinsu don kada reshen ya zubar da ruwan jikinsa kafin ya yi saiwar sha. A soka shi a gefen kasko cikin ƙasa mai yashi. Daidai lokacin da wuƙar za ta sauka, sai kyamara ta ɗaga ta koma fuskar mai gabatarwa yana magana, ko ta tafi kan wani ƙudan zuma a bisa fure, da kiɗa a baya. Kafin ta dawo, reshen yana cikin kasko. Ina aka yanka? Nawa aka binne? Oho. Fuskarsa mun santa, mun shekara muna ganinta. Yatsunsa muke so, a kusa, ba gaggawa, kuma in son samu ne a sake sau biyu. Haka sunan shuka: a rubuta shi a allo, a bar shi ya daɗe har mai neman biro ya samo biro. Sunan Latin ba burga ba ne, shi ne kaɗai sunan da mai kallo a wata ƙasa zai nema ya sami ainihin shukar, tunda sunan gida yakan canza daga gari zuwa gari. Amma sunan da aka faɗa cikin sauri aka wuce, bai amfani kowa ba sai mai faɗarsa.

Wani abu kuma, ƙasar da kuke aiki a kai. Shebur ɗinku kullum sulɓewa yake yi, ƙasa baƙa mai laushi tana warwatsewa. An shekara ana zuba mata taki, ko an kawo ta a mota jiya, ba a gaya mana. Mai kallo ya fita nasa filin, ya sa shebur ya ji ƙarfe ya dawo masa har kafaɗa, laka ce ta bushe, ko ɓaraguzan gini ne magina suka binne suka yayyafa ƙasa a kai. Sai ya ɗauka shi ne bai iya ba. Ku nuna mana mummunar ƙasa sau ɗaya, ku bi ta shekara biyu muna kallo tana gyaruwa.

Sai shirye-shiryen gyaran lambu na dare ɗaya, waɗanda a kansu ne masu kallo suka fi rabuwa. Ground Force, wanda Alan Titchmarsh da Charlie Dimmock da Tommy Walsh suka fara a 1997, shi ya buɗe wannan ƙofa: a lallaba mai gida ya yi tafiya, a yi kwana biyu ana aiki, ya dawo ya tarar da sabon lambu ya fashe da kuka. Shirin ya yi farin jini har suka je Qunu a Afirka ta Kudu a ƙarshen 1999 suka gyara wa Nelson Mandela lambunsa, kuma daga nan daɓen katako ya cika bayan gidajen Ingila. Ba na raina shi. Ya jawo mutane da yawa da ba don shi ba da ba su taɓa leƙa gidan sayar da shuka ba. Amma abin da ake yi cikin kwana biyu gini ne da jere. Ana sayo shuke-shuken da suka riga suka yi fure, a cusa su kusa da kusa don hoto ya cika, alhali wasunsu nan da shekara uku za su ninka girmansu su shaƙe na kusa da su. Wa zai yi ban-ruwa a makon farko, wanda shi ne mai wuya? Mai gidan da bai ma san sunan abin da aka dasa masa ba? Irin waɗannan shirye-shiryen har yau ana yinsu a ƙasashe da dama, kuma kaɗan ne ke komawa bayan shekara su ƙwanƙwasa ƙofa. Da za su koma, da sun fi koyar da mu a wannan ziyarar fiye da duk kwana biyun.

Haka bikin furanni na Chelsea da ake yi a Landan tun 1913, wanda duk watan Mayu talabijin ke yini a kansa. Abin sha'awa ne, nima ina kallo. Amma ku riƙa faɗa wa mutane cewa lambunan nan cikin kamar mako uku ake gina su, kwana biyar jama'a ke kallonsu, kuma wasu furannin an ajiye su a sanyi don su jinkirta, wasu an sa su a ɗumi don su gaggauta, har waɗanda a daji ba sa haɗuwa su buɗe rana ɗaya. Kwalliyar ranar biki ce, ba da ita ake shiga madafa ba. Wanda ba a gaya masa ba zai kwaikwaya, ya kashe kuɗinsa, ya ƙare da zargin kansa.

Akwai kuma batun yanayi, wanda yanzu ya fi da muhimmanci, tunda shirin da aka ɗauka a tsibiri mai sanyi ana kallonsa ta intanet a inda rana ke ƙona ganye kafin azahar. Ko a cikin Birtaniya matsalar tsohuwa ce. Mutanen Sikotland suna da nasu shirin, Beechgrove Garden, tun 1978 daga yankin Aberdeen, saboda ranar da mutumin kudu zai fitar da dashensa waje, na arewa idan ya bi shi sanyi zai kashe masa shi a dare ɗaya. Shirin nan yana da wata ɗabi'a da nake so ku ara: sukan shuka iri daban-daban jere da juna, ko iri ɗaya a taki daban-daban, su dawo ƙarshen kaka su auna a gabanka. Gardening Australia kuma, da aka fara a 1990, yana da masu gabatarwa a sassan ƙasar, daga arewa mai zafi da damina har Tasmaniya mai sanyi, kuma ana faɗin aikin mako bisa yanayin kowane yanki. Ba kowace tasha ke da ƙarfin yin haka ba. Amma kowane mai gabatarwa yana iya ƙara jimla ɗaya. Maimakon ya ce ku shuka a watan Afrilu, ya ce ku shuka idan ƙasa ta yi ɗumi kuma sanyin dare ya wuce. Maimakon ya ce wannan tana son rana sosai, ya faɗi irin ranar da yake nufi. Afrilun wani shigowar ɗumi ne, na wani shigowar sanyi, na wani kuma tsakiyar zafi.

Game da talla zan taƙaita. A 1976 BBC ta raba gari da Percy Thrower, wanda a lokacin babu mai lambun da ya kai shi suna a ƙasar, saboda ya yarda ya fito a tallan kayan lambu na kamfanin ICI. Wasu na ganin an tsananta masa, wataƙila ma haka ne. Yau kuwa mai gabatarwa yana da nasa iri, da nasa safar hannu, da nasa almakashi mai ɗauke da sunansa. Neman halal ba laifi ba ne. Iyaka idan buhun da ke jingine a bayansa an biya ne aka jingine shi, a faɗa mana. Mai kallo yana da hanci, kuma ranar da ya shinshino talla a cikin nasiha, duk nasihar da ta biyo baya da shakka zai ji ta.

Abu na ƙarshe da ke sa masu kallo faɗa da juna shi ne sauyin fatawa, kuma a nan ma rashin waiwaye ne. Shekara da shekaru ana ce mana mu jera fasassun kasko a gindin tukunya don ruwa ya tsiyaye. Yanzu an gane ba ya taimakawa, ruwa ba ya saurin ratsawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa, sai ma ya taru a sama kusa da saiwa. An ce idan an sare reshe a shafa wa wurin fenti, yanzu an ce a bar itace ya warke da kansa. An ce a kifa ƙasa da shebur duk shekara, ga su Charles Dowding, wani masanin lambu na Ingila, suna nuna cewa a shimfiɗa ruɓaɓɓen taki a sama a bar tsutsar ƙasa, wato tana, ta yi aikin. Baƙar ƙasar dausayi da ake haƙowa a cika buhunan reno da ita, wadda Geoff Hamilton ya yi ta gargaɗi a kanta tun kafin abin ya zama yayi, kusan milimita ɗaya take taruwa a shekara, shi ya sa yanzu ake cewa a bar ta a inda take. A 2022 ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, wato RHS, ta daina lissafa dodon-koɗi cikin maɓarnata, a shekarar kuma aka hana amfani da wani tsohon maganin kashe shi a Birtaniya. Galibin sauye-sauyen nan ina goyon bayansu. Abin da ke ɓata wa mutane rai shi ne a wayi gari mai gabatarwa yana faɗar sabuwar magana kamar da ma can ita yake faɗa, har da ɗan harara ga mai bin tsohuwar, alhali a bakinsa aka koye ta. Dattijon da dodon-koɗi ya cinye wa latas a dare ɗaya ba maƙiyin halittu ba ne, a gaya masa abin da zai yi gobe da safe. Kuma a ce masa: da mun ce kaza, yanzu mun gano kaza, ga dalili.

Don haka ga roƙona, kuma ba ya bukatar ƙarin kasafi. A farkon zangon shiri ku ware komi ɗaya da tukwane uku ko huɗu, ku kafa musu alama, ku shuka abin da kowa ke shukawa. Duk mako biyu ku ba su minti uku, da kwanan wata a rubuce a allo, kyamara a tsaye wuri ɗaya, ba tare da wani ya shiga da dare ya musanya wadda ta yi yaushi da sabuwa daga gidan reno ba. Wadda ta mutu a tumɓuke ta a gabanmu, a kakkaɓe saiwar, a kawo ta kusa mu ga ko ruɓewa ta yi ko wani abu ne ya ci ta. Idan mai gabatarwa bai san abin da ya kashe ta ba, ya kira wanda ya sani a mako mai zuwa, mu ji tare.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah Ya ba da damina mai albarka.

Naku,
Wani mai kallo, mai ɗan lambu.